Masana Ɗan Ailan a Mairairai

Ranar 30 ga Yulin 2024 ƙungiyar Everton ta Ingila ta sanar cewa ta ɗauki Jake O'Brien, mai tsaron baya ɗan ƙasar Ailan, daga Lyon ta Faransa, kan kwantiragin shekara huɗu. Ko a birnin Liverpool, inda ƙungiyar take, labarin bai isa ya hana kowa barci ba. Sai dai ƙarshen Yuli mugun lokaci ne ga mai son ƙwallo. An gama gasar ƙasashen Turai tun 14 ga wata, Sifen ta tafi da kofi, Firimiya kuma sai tsakiyar Agusta. A ƙauyukan El Alasan Mairairai, can cikin Mayahi, lokacin noman gero ne. A wuni gona, a dawo baya na ciwo, a zauna fada bayan isha'i, gawayi na ci a ƙarƙashin butar shayi, baki na ƙaiƙayi, abin musu kuwa ya ƙare. A irin wannan yunwa, ko ɗan bayan Everton ya isa a kai shayi na uku a kansa.

Cikin duk waɗanda suka yanke wa yaron hukunci a wannan mako, mutum ɗaya ne tak ya taɓa ganin ya taɓa ƙwallo. Wannan bai rage wa sauran ƙarfin murya ba ko kaɗan.

Mai kawo labari ne ke buɗe fage. Iliminsa bai wuce na kowa ba, salularsa ce ta fi kama rezo, kuma ya san tudun da ake hawa da ɓangaren da ake karkata waya. Yakan sauko yana tafiyar ƙasaita, ba ya cewa uffan sai an matsa masa a tabarma an miƙo kofin farko. Sannan ya gyara murya: "Faburizo ya tabbatar." Fabrizio Romano yake nufi, ɗan jaridar nan na Italiya da ya shahara kan cinikin ƴan wasa, wanda a bakin mutuminmu ya zama kamar aboki da suke gaisawa kullum. Ka tambaye shi da wace ƙafa yaron yake wasa, nan take caji ya ƙare. Sunan ma ya gagari fada, aka ga hoto, aka ce Dogo, ya bi shi.

Kusa da shi akwai wanda bai taɓa jin sabon labari ba tun da aka haife shi. "Wanga yaro? Ai na daɗe da saninshi." Daga wace ƙungiya ya taso? Sai ya yi murmushin tausayi, ya jira wani ya faɗa. In aka ce Cork City ya gyaɗa kai. In aka ce Crystal Palace ta ɗauko shi a 2021, ta ba da aronsa ga Swindon, sannan ga Molenbeek ta Beljiyam, ya ce duk yana biye. Da za ka ƙara da cewa yaron ya yi kaka guda a Jangorzo ta Maraɗi, zai ce a lokacin ne ma ya fara lura da shi.

Wanda ya gan shi da gaske shi ne abin tausayin fada. Tsohon ɗan lise ne da ya yi karatu a Tasawa, yana jin Faransanci, kuma shi kaɗai ke roƙon a bar Canal+ a kan gasar Faransa in kowa ya watse. Ya san Lyon ta shiga kakar 2023 da ƙafar hagu, ta zauna ƙasan teburi, ta kori Laurent Blanc, ta kori Fabio Grosso, sai Pierre Sage ya karɓa ya ja ta har matsayi na shida. Ya san nasarar farko da ta samu a gasar, 1-0 a gidan Rennes cikin Nuwamba, Dogo ne ya ci ta. Ya ga wasan ƙarshe na Kofin Faransa ranar 25 ga Mayun 2024, da PSG ta ci 2-1, kuma ƙwallon Lyon guda ɗin da kan Dogo ta shiga. Duk wannan yana bakinsa. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya fara magana sai da "teknikman", kuma da zarar ya furta ta sai wani ya tambaya ko akwai sauran sukari.

Mai katse shi kullum shi ne wanda ya yi rani uku a Legas yana tura baro, ya dawo da rigar Manchester United da kalmar "mu". Mun sayo, mun sayar, ba mu buƙatarsa. In ka ji yadda yake cewa "ba mu da kuɗi bana" sai ka ɗauka daga cikin rumbunsa ake biyan albashin ƴan wasa. Shi ne ya ɗaga hannu ya ce, "Ku ƙyale zancen Lyon. Gasar Faransa gasar manoma ce." Ya tsinto zagin ne a gidajen kallon Legas, bai tsaya ya duba inda yake zaune ba. Fada ta yi tsit. Mutum goma sha, kowa da ƙasar gona a ƙafa. Wani dattijo da ke gefe, wanda bai san Lyon ba bai san Everton ba, ya ɗago ya ce, "Ɗana, mi manoma sunka yi maka? Tuwon da ka ci ɗazu, Ingila ta aiko shi?" Daga ranar dattijon ya zama mai goyon bayan gasar Faransa, duk da har yau bai kalli wasa ko ɗaya ba.

Dillalin dabbobi bai damu da ƙafar dama ko ta hagu ba. "Nawa?" An ce Yuro miliyan 19 da rabi. Ya sa aka buga masa a waya, Yuro ɗaya sefa 656 ba kaɗan, lissafi ya tashi kusan miliyar 13. Bai girgiza ba, don kuɗin da ya wuce miliyan goma duk ɗaya ne a kunnensa. Tambaya ta biyu ce ta kayar da shi: "Su nawa sunka saye shi?" Aka ce wajen miliyan ɗaya, bara-bara ɗin nan, cikin Agustan 2023. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Shi da ke sayen rago bayan kaka, ya ɗaure shi wata da watanni yana ɗura masa harawa da dusa, ranar kasuwar layya in kuɗi ya ninka sau biyu ya yi sadaka, yau ga waɗansu sun yi kiwon shekara guda sun ninka kusan sau ashirin. "Wanga ba wasa ba ne, kiwo ne," in ji shi, cikin girmamawa. Ya so ya san wa ya ci la'ada. Ya so ya san ko mai saye ya duba haƙora ya taɓa gwiwa kafin ya biya. Da aka ce masa ai ba a sa hannu sai likitoci sun gwada ɗan wasa tun daga zuciya har idon sawu, ya mayar da hularsa ya ce ashe Turawa ma suna da hankali.

Akwai kuma mai zargi. Wannan ko ruwa aka yi da dare sai ya ce akwai wata a ƙasa. Abin haushi, a zancen Dogo yana da abin kamawa. A lokacin, attajirin Amurka John Textor yana da hannun jari a Crystal Palace, shi ke da Molenbeek, shi ke da Lyon, wato gida uku da yaron ya bi duk inuwar mutum ɗaya ce. Kuma a daidai wannan damina Textor na neman sayen Everton ɗin kanta. "Kun gani? Daga aljihun dama zuwa na hagu." Cinikin bai yiwu ba, kamfanin Friedkin ne ya karɓi Everton a Disamban 2024, amma wannan bai dame shi ba. Ya ce da gangan aka fasa don kada a gane.

In musu ya kai ga inda ƙasar take, sai a juya ga Mushe, malamin makaranta. Kafin ya iso an riga an ajiye Ailan a wurare da dama: wani ya ce unguwa ce a Landan, wani ya ce ita ce Holan, wani ya rantse ƙasar ƙanƙara ce da ta fitar da Ingila a 2016, alhali waccan Aisilan ce. Mushe ba ya amsa tambaya a tsaye. Sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana tsibiri biyu da tsinke, ya ce kowa ya matso. Ƙaramin na yamma shi ne Ailan, babban birninsa Dublin. Ingila ta mulke shi ɗaruruwan shekaru, a 1922 mafi yawansa ya ɓalle, gundumomi shida na arewa suka zauna da Birtaniya. Shi ya sa ƙungiyar ƙasa biyu ce, kuɗi biyu ne, kudu Yuro arewa fam. Yaron daga Youghal yake, wani garin bakin teku a yankin Cork, an haife shi a 2001. Mutane sun fara hamma, sai Mushe ya kawo zancen yunwa, nan kowa ya farka. Daga 1845 cuta ta kama dankalin da talakawan ƙasar suka dogara da shi, shekara bayan shekara, wajen mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan suka shiga jirgin ruwa suka bar gida. Kafin yunwar tsibirin ya haura mutum miliyan takwas, har yau bai koma haka ba. A ƙasar da tsofaffi ke lissafin shekarunsu da sunayen yunwa, wannan darasi bai buƙaci maimaici ba. Da Mushe zai tsaya nan da ya tashi da daraja. Amma Mushe ne, sai da ya ce gobe zai yi tambaya.

Darasin ya fi kama wanda ya dawo daga bida. Ya bi ta Agadas, ya yi leburanci a Libiya, ya gwada haƙar zinariya a Jado, ya dawo da tari da agogo. Da ya ji cewa gasar Ailan ƙarama ce, duk yaron da ya iya ƙwallo sai ya ƙetare ruwa, nan da nan ya ɗauki Dogo ɗan'uwa. "Ashe ɗan ci-rani ne." Tambayoyinsa ba su shafi fili ba. Takardunsa sun cika? Wa ya tarbe shi a tasha? Akwai ɗan garinsu a can? Ɗan lise ya samu damar da ya daɗe yana jira, ya ce kyaftin ɗin Everton ma ɗan Ailan ne, Seamus Coleman, yana can tun Janairun 2009. Mutumin ya sauke ajiyar zuciya. "To, yana da mai masauki. Ba ya kwana waje." Sai aka ƙara da cewa fam dubu 60 kacal Everton ta biya Sligo Rovers kan Coleman, ya kuma yi mata aiki fiye da shekara goma sha biyar. Dillali ya ce a nuna masa wanda ya sayar, yana so ya yi masa jaje.

Ɗan Legas, da ya sha kunya kan manoma, a nan ya farfaɗo. Ya ji Mushe na karanto ƴan wasan Ailan: Chiedozie Ogbene, haifaffen Legas, Andrew Omobamidele da Adam Idah, masu uba ɗan Najeriya. Ya buga cinya ya ce ashe duk yaransu ne. Abokin gabarsa ɗan Arsenal kuwa aka gaya masa Declan Rice ya buga wa Ailan wasa uku a 2018 kafin ya koma Ingila, ya ce ƙarya ce, hoton haɗi ne.

Ɗan siyasa gajeren bayani gare shi. Tun da sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a Disamban 2023, duk abin da ya fito daga Faransa ya nufi wani wuri nasara ce a wurinsa. "Yaro ya waye. Ya bar su." An ce masa ai can ɗin ne ya yi suna. Ya ce shi ya sa ya gane su da wuri.

Mai kokowa ba ya ɗaukar ƙwallo a bakin komai, yana zama ne don shayi. Amma da ya ji tsawon yaron mita 1 da 97, ya karɓi waya ya daɗe yana kallon hoton. Ya duba wuya, ya duba cinya, ya ce ƙugun ya yi tsawo, mai wayo zai shiga ƙarƙashinsa. Ya kawo Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobin kokowar ƙasa a 1975, ya kawo Issaka Issaka na Doso, ya auna Dogo da su ɗaya bayan ɗaya. Hukuncinsa: jiki akwai, an dai ɓata shi da guje-guje. Da a hannunsa yaron ya taso, da yanzu ana maganar takobi.

Shi kuwa tsohon ɗan bayan ƙungiyar gari, wanda ya ce saura ƙiris ƙungiyar Ɗankasawa ta ɗauke shi ba don aure ya zo ba, ma'auninsa ɗaya ne: jan kati nawa yaron ya samu? Ɗan bayan da rigarsa ke fita fes daga fili, a ganinsa, ɗan kallo ne da aka ba lamba. Duk cikin ƴan Ailan mutum ɗaya ya yarda da shi, Nathan Collins, saboda ranar nan ta Satumban 2022 da yana Wolves ya ɗaga ƙafa ya sauke ta a cikin Jack Grealish aka kore shi. Yana da bidiyon a waya, ya fi kallonsa a kan na bikin ƙanwarsa. In yana ba da labarin nasa zamanin sai ya naɗe wando ya nuna tabo, wanda rabin fada sun san jaki ne ya yi masa shi.

Sai mutum ɗaya da abin ya shafa da gaske. Kowane yanki Allah yakan jarrabi bawa guda da son Everton, namu dattijo ne da ya yi gadi a Kaduna shekarun 1990. A can ya kamu, lokacin da ɗan garin, Daniel Amokachi, ke ƙungiyar, ya ci Tottenham biyu a wasan kusa da na ƙarshe, Everton ta ɗauki Kofin FA na 1995. Bai san wannan ne kofi na ƙarshe da zai gani ba. Ya zauna da su zamanin Joseph Yobo, ya zauna zamanin Yakubu, ya ga an cire musu maki takwas a kakar 2023/24 kan karya dokar kashe kuɗi, ya ga duk da haka sun tsira. Rigarsa shuɗiya ta gwanjo ta koɗe har ta koma kalar toka. Matasa na gaishe shi da "Baba, ina gajiya, ya haƙuri?" ko ba a yi rasuwa ba. Shi kaɗai ne da aka kawo labarin Dogo bai yi sharhi ba. Ya tambaya, "Lahiya tai?" Aka ce lafiya lau. Ya ce, "To, Allah shi sa ya tarar da mu da rai." Shekara talatin na wahala sun koya masa kada ya yi murna da ɗan wasa sai ya ga an sayar da shi da riba.

Mai gidan kallo yana jin duk wannan daga bakin zanarsa, yana lissafi. A wurinsa ɗan wasa nagari shi ne mai cika benci. Dala ashirin-ashirin yake karɓa, daga ciki zai sayi man gurup, ya biya kuɗin tasha, ya gyara bencin da aka karya ranar da Madrid ta ci Kofin Zakarun Turai. Wasan Everton mutum ɗaya yake kawo masa, shi ma rabin lokaci bashi. Ya ce a sayo Dogo, a sayo Gajere, shi dai ba zai kunna inji don su ba sai ranar da za su kara da Liverpool. Mai ƙosan ƙofar gidan, wadda ta fi kowa sanin wanda ke da kuɗi da wanda ke da baki kawai, tambaya ɗaya ta jefo: yaron na aika wa uwarsa? Aka ce ba shakka. Ta ce to ya fi waɗansu da ke zaune nan, ta ci gaba da juya mai. Ba wanda ya nemi ta yi ƙarin bayani.

Aka buɗe kaka, koci Sean Dyche ya ajiye Dogo a benci. Yana da James Tarkowski, yana da Jarrad Branthwaite, yana da Michael Keane, bai ga inda zai sa sabon yaro ba. Aka yi girbi, aka ɗaure damma, aka kai rumbu, sanyi ya shigo, yaro na zaune. Wata biyar fada na cin nasara. Ɗan Legas ya ce ai ya faɗa, dillali ya ce kaya ya kwanta, ɗan bida ya ce haka baƙunta take, shi ma ya yi wata huɗu a Sabha bai samu aiki ba. Wanda ya daɗe da sanin yaron ya ce tun yana Cork ya ga alamar ba zai kai ba.

Ranar 9 ga Janairun 2025 aka sallami Dyche, David Moyes ya dawo, ya ɗauko Dogo ya sa shi baya ta dama, wurin da ba nasa ba, ya kuma zauna daram. Ranar 26 ga Fabrairu Everton ta je gidan Brentford, inda Collins ɗin nan mai ƙafa yake tsaron baya. Yoane Wissa ya ci, ana neman tashi da haka Dogo ya farke, aka tashi 1-1. A Mairairai ba wanda ya gani, don daren nan mai gidan kallo Manchester United da Ipswich ya sa, benci ya cika har ana zama a ƙasa. Baba na Everton da safe ya ji, ya sa rigarsa mai kalar toka ya zagaya gari yana amsa gaisuwa.

Da dare aka zauna. Kowa ya ce dama ya faɗa. Wanda ya daɗe da sanin yaron ya tashi tsaye ya kwatanta yadda aka ci ƙwallon: daga wajen da'ira, da ƙafar hagu, gola ko motsi bai yi ba. Har ya nuna yadda aka karkata jiki. Ɗan lise, wanda ya hau tudu da rana ya kalli bidiyon sau da dama, ya ce teknikman da ka aka ci ta. Aka ce a ɗaga hannu. Ƙafar hagu ta samu mutum tara, kai ya samu biyu, mai kokowa ya ce shi bai ga an kayar da kowa ba.